Kawu Ɗan'azumi da Faifan Ƙarshe

Duk wanda ya san Kawu Ɗan'azumi mai goro a Agege ya san ba ya taɓa faifan sidi sai ya wanke hannu da sabulu. Tuwo kuwa, ko oho!

Wata mawaƙiya 'yar Sudan ce ta kama shi, yana kiranta Uwar Ɗaki. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya gama tara fayafayanta kaf, na asali, ya yi alwashin saurarensu a jere, daga na farko har na ƙarshe, ba yankewa.

Na taɓa kawo masa kaset ɗinta da aka kwafa a kasuwar Oyingbo. Ya saurari baiti ɗaya ya zare shi.

"Ɗana, wannan romo ne aka ƙara wa ruwa. Ina numfashinta? A sidi har haɗiyar yawunta ake ji!"

"Kawu, kana ma jin Larabcin?"

"Ko kalma. Kai dai yi shiru."

Maƙwabciyarmu Iya Basira mai injin markaɗe ta sha fama. Kawu yakan leƙa ta taga: "Iya, kashe injin nan, Uwar Ɗaki za ta ja amshi!"

"Alhaji, ita za ta markaɗa min tattasan?"

Babbar matsalar ita ce wuta. Da an ɗauke, sai ya ce sauraro ya karye, a koma faifan farko. Mu 'yan gidan har mun haddace shi. Na ƙarshe kuwa yana cikin ledarsa, ko ɓare shi ba a yi ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, muka ga abin ya wuce wasa. Muka aro janareta, muka ajiye shi can bayan layi don kada ƙara ta shigo. Iya Basira da kanta ta rufe injinta ranar, ta shigo ta zauna tare da mu. Tun hantsi ake juya fayafayan a jere, har na ɗauko na ƙarshe zan ɓare. Sai ya riƙe min hannu.

"Ajiye."

"Haba Kawu! Saura shi kaɗai!"

"In na ji shi, gobe in tashi in jira me? Mayar da na farko."

Iya Basira ta dafe kai ta fita tana faɗa da Yarbanci.

Bai ji faifan ƙarshen ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya jiyar da shi abin da kunne bai taɓa ji ba. Amin.