Bulon ɗin da ya karye a Pitowa

Muna dawowa daga Bibemi, 'yar yayata tana kan cinyata, sai salansar motar hayar ta fara rugugi. Direba ya tsaya wurin wani bakanike a Pitowa. Dole a cire tsoffin bulon ɗin, wato kusoshin da ke haɗa salansa da inji, ga shi tsatsa ta kama su gam. Bakaniken ya zuba musu man birki, ya gasa su har suka yi ja, ya zura sifana cikin bututu ya taka da ƙafa. Na ƙarshen ya karye a ciki.

"Maigida, wannan sai gobe," in ji bakaniken.

"Goben wa? Ɗaure min da waya," in ji direba.

Ya ɗaure, muka tashi. Ruwa ya sauko, kowa ya rufe gilashi. Kaina ya soma sarawa, yarinyar kuwa ta yi barci, har wata tsohuwa tana yaba hankalinta. Ashe hayaƙi ne ke shigowa ta ƙarƙashin kujerarmu. A tashar Garwa na girgiza ta, wuyanta ya langaɓe.

Ta farfaɗo a asibiti, amma ba ta gane uwarta ba sai washegari. Har yau, in ta yi barci a jikina, tashinta nake yi.