Malam Kalli da Shirin Auna Komadugu

Kullum ƙarfe bakwai Malam Kalli ke jingine kekensa a ƙofar wani ƙaramin biro, wato ofis, a Diffa, ya yaye zanen da ya lulluɓe kwamfuta, ya duba abin da ma'aunin ruwa da ke can saman kogin Komadugu ya aiko. In Komadugu ta taso, sai ya aika wa manoman tattasai su ƙara wa madatsunsu ƙasa. Shekara goma sha biyu yana haka, mutumin da sai shayinsa ya huce yake tunawa da shi.

A 2007 tsohuwar kwamfutar ta mutu, aka kawo sabuwa. Shirin karanta ma'aunin yana cikin wani kundi da sauran shirye-shirye ke aro daga gare shi, kuma wani injiniya da ya daɗe da tafiya ne ya rubuta shi da hannu, da harshen na'ura tsantsa. Linka, wato shirin da ke ɗinke gutsattsarin wuri guda, ya ƙi karɓa. Injiniyan ya kafe kowane abu a adireshi ɗaya, alhali kundin aro dole ya zauna duk inda aka ajiye shi.

Daga babban ofishinsu na Yamai aka ce ya ƙara umarni guda ya sake haɗawa. "Na yi har na gaji," ya ce wa Ibrah, abokin aikinsa. "Umarnin nan ba ya taɓa abin da hannu ya rubuta."

Ibrah shaida ne: layi fiye da dubu Malam Kalli ya kwafe a littafin 'yan makaranta, yana gyara adireshi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da linka ya karɓa, ambaliyar da ba a samu gargaɗinta ba ta riga ta kwana tara a gonar Ya Fanna, gwauruwar da tattasai ke ciyar da jikokinta. Malam Kalli bai yi murna ba. Kai ya kifa a tebur.

Malam Kalli, kai ne mai haƙurin da ba a yi wa tafi. Daminar da ta biyo ba a yi asarar gona ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya tambayi dalili. Mun gode, Allah ya saka maka. Matasanmu masu ilimin kwamfuta, ku je ku zauna gabansa kafin Alhamis, ranar da zai ajiye aiki. Ina faɗa ne kawai, zuciyata ba ta ba ni wani zai je ba.

Jiya Ya Fanna ta zo yi masa sallama. "Malam, bana wa zai gaya mana?"

Ya ce, "Ya Fanna, ku riƙa zuwa bakin kogi kuna dubawa."