Yatsu Biyu na Maharazu

Baba Abdulwasi'u ɗan unguwar Misfala ne a Makka. Yana saurayi ya tafi gabas aikin kamfanin mai, inda Turawa ke wasan besbol: ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya dake ta da sanda. Da suka ga ƙarfin hannunsa, sai suka raba shi da dakon bututu, jifa ta zama aikinsa.

Mai tsugunawa ya cafe masa ƙwallon shi ne amininsa Maharazu. Da yatsu yake gaya masa irin jifar da zai yi: ɗaya miƙaƙƙiya, biyu mai lanƙwasa. Wata rana Maharazu ya shirya wa mai lanƙwasa, sai miƙaƙƙiya ta zo ta karya masa yatsu biyu. Aka sallami Maharazu daga aiki. Daga baya dukansu suka dawo Makka, Baba ya kama tuƙin tasi, suka tsufa ba sa ga maciji.

Bara ciwo ya kwantar da Baba. Ya aika unguwar Rusaifa a kira Maharazu, don yana tsoron ya mutu da hakkinsa. Maharazu ya zo, ya ƙi zama, ya ƙi shan gahawa.

"Ka yafe mini, Maharazu," in ji Baba.

Maharazu ya ɗaga karkatattun yatsunsa. "Ka fara faɗin gaskiya. Nawa na nuna maka?"

Baba ya daɗe yana kallonsu. "Wallahi ɗaya ka nuna."

"Halas, shi ke nan, tsohon maƙaryaci. Mu haɗu a can lahira."

Ya saka takalminsa ya fita.