Siton Bayan Ɗakin Taro

A masaukin ɗalibai mata na jami'ar, babu mai kiran uwar ɗakin da sunanta. Sifeto suke ce mata a bayan idonta, ita kuma ta sani, har ma tana jin daɗin sunan a ranta. Da shara ta fara aikin tun da sauran ƙuruciyarta, a hankali har makullan ginin gaba ɗaya suka dawo hannunta. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, sai ta zuba duk ƙarfinta a kan ginin nan. Tun daga matakala hancinta ke kamo hitar dafa ruwa da aka ɓoye a ƙarƙashin gado. Idan takalman bakin ƙofa suka fi masu ɗaki yawa, ta san an sauki baƙuwa ba izini. Yarinyar da ta gaishe ta da fara'ar da ta wuce kima kuwa, ranar nan sai an birkice ɗakinta. A wurin Sifeto duk ƙofar da aka rufe da dalilinta, kuma ba ta taɓa zaton dalilin alheri ne ba.

Mutum ɗaya take da shi a duniya, wato Auta, ɗiyar marigayiya ƙanwarta. Ita ta raine ta a ɗan gidan ma'aikata da ke bayan masaukin, har ta girma ta shiga jami'ar tana karatun haɗa magunguna. Sifeto na son yarinyar nan son da ba ta iya faɗa, sai dai son nata da bincike yake fitowa. A shekarar nan kuma Auta ta rame, ta rage cin abinci, maganarta ta koma "to" da "ba komai". Sifeto ta duba jakarta, ta duba aljihun rigunanta, ta tsare ƙawayenta da tambaya, ba ta samo komai ba. Rashin samun ne ya fi tayar mata da hankali.

Ana nan sai wata malama daga ofishin ba ɗalibai shawara ta zo neman aron ɗakin taron masaukin duk yammacin Laraba. Ta ce ɗaliban da ke cikin damuwa ne za su riƙa zama suna tattaunawa a tsakaninsu.

"Su tattauna me?" in ji Sifeto.

"Abin da ke damun su, Mama. Sharaɗinmu ɗaya ne. Za a rufe ƙofa, kuma duk abin da aka faɗa a ciki, a ciki zai tsaya."

"In abin kirki ne, mene ne na rufe ƙofa?"

Malamar ta yi murmushi kawai, murmushin ma bai yi wa Sifeto ba. Ta ba da ɗakin don umarni ne daga sama, amma ta sa ido. Ta ga an ture tebura gefe, an jera kujeru a da'ira, ba allo, ba littafi. Ta ga 'yan mata suna shiga da dariya suna fitowa da jajayen idanu. Wane irin karatu ne wannan? Ana cikin haka, wata Laraba ta hango Auta ta waiga dama da hagu, ta faɗa ɗakin.

A bayan ɗakin taron akwai wani sito da ake tara tsofaffin katifu. Katako ne ya raba su, kuma can sama akwai 'yar tagar iska mai raga. Laraba ta gaba, tun kafin 'yan matan su iso, Sifeto ta kulle kanta a ciki, ta zauna a kan katifu tana toshe hanci kada ƙura ta sa ta atishawa. Ta shirya jin zancen samari, ko ƙwaya, ko wata muguwar ƙungiya. Abin da ta ji ya ba ta kunya. Wata tana cewa hannunta karkarwa yake yi a ɗakin jarrabawa har ta kasa riƙe biro. Wata ta ce babanta ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa likita za ta zama. Idan ɗaya ta yi shiru, ba mai matsa mata. Sai kuma ta ji muryar Auta.

"Innata ba muguwa ba ce," in ji Auta. "Amma in na ce mata kaina na ciwo, sai ta tambaye ni wa na gani jiya. Tun ina ƙarama, in kewar mamata ta taso mini, banɗaki nake shiga in buɗe famfo in yi kukana, don kada ta ji ta fara tuhuma. Nan ne kaɗai nake kuka ba famfo."

Sifeto ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta daɗe a kan katifun nan bayan kowa ya watse, zuciyarta na ƙuna. A makonnin nan ma ta lura yarinyar ta fara cinye abincinta, har wata safiya ta ji ta tana 'yar waƙa wajen wanki. Da ta kama bakinta, da shi ke nan. Amma matar da ta saba kama abu ta kai shi gaban mai shi ba ta iya sanin magana ta haɗiye ba, ko da tausayi ne ke cin ta. Washegari suna karyawa, ta tura wa Auta kofin shayi, ta sassauta murya iya ƙoƙarinta.

"Auta, in kewar mamarki ta taso miki, ki zo wurina ki yi kukanki. Ba sai kin buɗe famfo ba."

Auta ta ajiye kofin a hankali. "Wa ya gaya miki, Inna?"

"Ni da na raine ki, sai an gaya mini?"

Yarinyar ta tsura mata ido. Ta san shekara da shekaru famfon nan na zuba Innarta ba ta taɓa lura ba, sai yau, kwana ɗaya bayan ta faɗa, kuma da kalmominta sak.

Abin da ya biyo baya, Sifeto daga cikin siton ta ji shi, don ta kasa hana kanta komawa. A taro na gaba Auta ta miƙe a gaban kowa ta ce akwai munafuka a cikinsu. Ɗakin ya kaure. Aka fara kallon wata doguwar yarinya mai gilashi, aminiyar Auta, don kawai an taɓa ganin ta tana taya Sifeto ɗaukar bokiti. Yarinyar ta rantse har ta fashe da kuka, ta fita ta bugo ƙofa. Malamar ta yi ta lallashi, amma mai karkarwar hannu ta ce ita dai ba za ta ƙara buɗe baki ba. Mako na zagayowa, rabin kujerun ba kowa. Auta ta koma "to" da "ba komai", abincinta kuma ya koma dawowa a kwano.

Sai dai rainon Sifeto ce, ba ta san barin magana a duhu ba. Ta bi 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya da tambaya: ina kika je bayan taro, da wa kika yi waya, wa kika gani? Sifeto na ganin ta tana zagaya ginin tana duba tagogi, hannu a baya, tafiyarta sak irin tata. Abin ya ba ta tsoro.

Wata yamma tana zaune a ofishinta na bakin ƙofar shiga, Auta ta shigo da sauri, gyalenta duk yanar gizo, fuskarta a sake a karon farko cikin makonni.

"Inna, na zalunci ƙawata. Wallahi ba ita ba ce, ba kowa ba ce a cikinmu. Na hau kujera na duba, akwai tagar iska a saman katakon nan. Na sa wata ta yi magana a ciki, ni kuma na kasa kunne a ƙofar siton katifu, har daga waje ana ji. Laɓewa ake yi mana a can." Ta dafa teburin. "Ke ce kika san ginin nan. Don Allah ki taimake ni, su waye ke da makullin siton?"

Sifeto ta buɗe baki. Tana iya cewa masu shara, tana iya cewa mai gyaran wuta, kuma Auta za ta yarda, gobe ta je ta tsare bayin Allah.

"Makulli ɗaya ne," ta ce.

Auta ta tsaya tana jiran sauran maganar. Babu saura. A hankali ta ɗauke hannunta daga kan teburin.