Hoton Garba na Adabka

Jama'a, wannan abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba wani ya ba ni labari ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina da ɗan shagon hoto a Gummi, shekarun da kyamarar kwamfuta ta fara shigo mana, wuta kuwa sai mu yi sati ba mu ga ƙyallinta ba, kullum janareto, kullum gajiya.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta shigo, ta ce daga Adabka take. Ɗanta Garba ya ɗauki hoton fasfo wurina da rani, da damina zazzaɓi ya tafi da shi, kuma ba a ga inda ya aje hotunan ba. Na tuna shi sarai, manomi ne mai tabon ƙahon sa a gira, sai da na ɗauka sau huɗu don ya kasa daina dariya. Ta ce, "Ɗana, ƙwaya guda nika so, ɗiyarshi ta tashi ta san fuskar ubanta."

To ni kuma ranar na gaji, ga zafi, na ga ba zan tada janareto don hoto ɗaya ba. Na ce, "Inna, ki dawo wata kasuwar." Wannan maganar har yau tana cina.

Kwana uku tsakani had-dis ɗina ya mutu, wato ƙarfen nan na cikin kwamfuta da komai ke kwance a cikinsa. Ya daɗe yana ƙas-ƙas ina share shi. Katin kyamara kuwa na goge shi tun tuni. Tsohuwar nan sau uku tana hawo mashin a kan wannan muguwar hanya, sau uku ina mata ƙarya wai injin ne ba lafiya. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ta zauna ta huta ta ce Allah shi kai mu. Da ma zagina take yi da na fi samun sauƙi.

Na kwashi mataccen na tafi Gusau. Masu gyara biyu suka duba, kowa ya ce in haƙura, ko allura ba za ta fito ba. Sai maganar sayen wani. Wani mai shago ya zube mini tokumbo, wato na hannu, guda uku, muka riƙa haɗa su da wuta ina kanga kunne, don haka muke zaɓe a lokacin: wanda ka ji yana ƙas-ƙas ko yana kuka kamar tsohon keken ɗinki, ka aje shi. Ɗaya ma ya yi shiru lafiya lau, ga araha, amma na ce a'a, na gaji da kayan da ban san hannun da suka bi ba. Na ce ya ba ni sabo. A gabana ya yanke ledar, a gabana ya haɗa shi, fayau, babu komai ciki. Na naɗe shi cikin tawul saboda gargadar hanya. Kafin in shiga mota na sayi sabon labule shuɗi na bayan hoto, don farin da nake da shi ya yi dauɗa.

Washegari na rataya labule, na haɗa had-dis, na zuba masa abubuwan aiki. Bayan la'asar, da sauran rana, mutane na wucewa ƙofar shago, na buɗe inda hotuna ke zama, wurin da ya kamata in tarar wayam. Hoto ɗaya na gani.

Garba ne. Ga tabon gira, ga bakin nan da yake danne dariya. Na ce Alhamdu lillahi kafin hankalina ya dawo jikina, sannan na lura da bayansa. Shuɗin labule ne. Har da layin ninkin da bai gama sakewa ba. Na waiga, ga labulen a rataye, ga kujera a gabansa ba kowa. Inna lillahi! Na fita waje na zauna kan benci har aka kira magariba.

Ban goge ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ranar kasuwa sai ga ta tun da hantsi. Na tada janareto ba ta ko tambaya ba, na wanke mata babba guda. Ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Awo, shi na. Ai yac ce mani in taho yau, ya zo ya sake zama."

Ban tambaye ta a ina ya gaya mata ba. Da ta tafi na koma kan kwamfuta, hoton babu shi. Had-dis ɗin nan shekara shida ya yi mini bai ƙara nuna wani abu ba, labulen dai na cire shi ranar.

Ni ban san mene ne ba, Allah ne masani. Abin da zan ce muku, in za ku sayi had-dis ku sayi sabo, ku saurare shi, in ya fara ƙas-ƙas kada ku share, kuma ku aje kayan mutane wuri biyu. In kuwa tsohuwa ta zo neman abinta, ku tada janareton nan take. Ni sai da mamaci ya taso ya gyara mini aikina.