Ni Na Ce Miki Kada Ki Yi Kuka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Agusta, 1994, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Kadijatu, matar Malam Njidda na Majidaɗi, wajen haihuwarta ta fari. Shekararta ashirin da biyu.

Kadijatu, ke da ake jiyo dariyarki tun daga bakin rijiya. Lokacin da iska ta yaye rufin maƙwabciyarki Godiya, kika kwaso 'ya'yanta huɗu zuwa ɗakinki har mako biyu, kika ce a ƙara wa miya ruwa kawai.

Ni yayarki, ni na koya miki abin da ya kashe ki. Da cikinki ya tsufa na ce, "Ɗiyar gidanmu ba ta kuka a kan gwiwa. Munyal, wato haƙuri, ake yi." Haka Inna ta gaya mini, haka na miƙa miki. Kika ce, "To, Adda."

Kin riƙe maganata. Tun hantsi naƙuda ta kama ki, kika turo ƙofa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina alfahari da shirunki. Kukan jaririya ne ya shigar da ni. Na taka jini kafin na gan ki. Kin ciji leɓenki har ya huje, kin kankare yaɓen bango har faratanki biyu sun karye. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini yana ta zuba.

Babu man fetur a gari, babu mota. A amalanke muka tura ki, kanki yana bugun katako a kowane rami, jini yana ɗiga bayanmu. A asibiti nas Saratu ta buɗe idonki ta duba, ta juyo kaina. "Kullum haka! Ku nan sai jini ya ƙare kuna kawo mace. Na yi aiki a Kudu, ban rufe fuskar mata kamar nan ba. Wa ya hana ta ihu?" Sai yau na amsa mata a rubuce, kuma na tsani bakina.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanya ki cikin shahidai, Ya yafe mini. Malam Njidda, Inna, Allah Ya ba ku dangana. Jaririyar tana hannuna, kuma tana da murya. Duk wanda ya ce mata ta yi shiru, da ni zai yi.