Siron Yara a Rumfar Duwan

Ƙarfe goma na safe ne, ranar Talata, a damanar shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Mu uku ne a rumfar duwan, wato kwastan: ni, mai kula da siton wani ƙaramin kantin magani a Tawa, da direban da ya ɗauko kayan, da jami'in da zai sa hannu.

Kayan siro ne, wato maganin ruwa na zazzaɓin cizon sauro na yara. Doka ta yafe wa magani haraji, kowa ya san haka. Amma jami'in ya karanta jikin kwalba, ya buɗe guda, ya lasa.

Ya ce, "Malam, wannan ai lemo ne. Ruwa, sukari, ƙamshi. Maganin cikinsa bai cika cokali ba."

Na ce, "Mushe," yadda muke kiran ma'aikata da Faransanci, "sukarin ne ke shigar da shi cikin yaro."

"To sukarin za a biya wa. Ko ka kawo takarda daga Yamai mai cewa dukansa magani ne."

Ba mugun mutum ba ne. An daɗe ba a biya su albashi ba, kuma yana tsoron na sama da shi. Mai kanti ba ya da abin biya. Na rubuta Yamai, aka ce ana yajin aiki. Na sake rubutawa. Daga nan na dinga zuwa rumfar kowace Talata, har masu gadi suka daina amsa sallamata.

Ana cikin haka wata mata ta zo kantinmu daga Barmu, goye da ɗanta, jikinsa kamar garwashi. Ƙwaya kaɗai gare ni, ta manya, mai ɗacin gaske. Na raba ta huɗu, na daka, na dama da zuma. Ya haras. Muka gwada da kunu, ya sake haraswa, ya datse haƙora.

Ta ce, "Baba, babu mai zaƙin nan?"

Na ce akwai, yana tsare. Ta dube ni, ta gyara goyonta, ta tafi neman motar gida.

Takardar ta iso bayan an yanke hatsi. Siron ya sha zafin kwanon rufin rumfar har ya sake launi, muka zubar.

Ban tambayi sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba. Mai karatu, idan kana da dangi a Barmu, ka tambayi tsofaffin mata ko akwai wadda ta kai ɗanta Tawa a waccan damana ta dawo da dakakkiyar ƙwaya. Ka ji mini ko ya tashi.